RIƘON TAHIRA

Shafi na 23

Da sunan Allah nake farawa. Masu turo min saƙo dare da rana wai na cika jan rai, to ga shi nan. Wadda ta san zuciyarta ba ta da ƙarfi ta fara cin abinci kafin ta karanta, kada a ce ni na hana.

Ƙullin kayan Tahira na ajiye a bakin ƙofar ɗaki tun safe. Maijidda ce ta wanke su da hannunta, ta ninke, ta ɗaure a tsohon zaninta. Duk wadda ta shigo gidan ta gan ta tana yi sai ta ce, kai, yarinyar nan akwai kawaici.

Yau bayan la'asar Kawu Ɗan Iya zai zo daga Ungogo ya ɗauki yarinyar. Riƙo aka ba shi. Matarsa Fanta ce ta roƙa, ta ce nata duk sun yi aure, gida ya yi mata faɗi, a ba ta Tahira ta sa ta a makaranta mai kyau. Mijin Maijidda, Muhammadu Sani, ya amsa tun kafin a rufe baki. Surukarta, Gwaggo Safiyatu, ta sa albarka. Mahaifiyarta kuwa, Inna Aina'u, da yake Ɗan Iya ƙaninta ne ciki ɗaya, har mota ta hau daga ƙauyensu don a miƙa yarinyar a gabanta.

Maijidda kaɗai ce ba a tambaya ba.

Wa ma zai tambaye ta? Tahira 'yarta ce ta fari. A nan uwa ba ta kiran sunan 'yar fari, ba ta yi mata wasa a gaban mutane, balle a ce za a ba da ita ta buɗe baki ta ce a'a. Shekarar yarinyar tara a duniya, Maijidda ba ta taɓa furta sunanta wani ya ji ba. Waccan take ce mata, ko yarinyar nan. Ita ma haka Inna Aina'u ta yi mata, don ita ma 'yar fari ce, kuma ita ma a gidan Kawu Ɗan Iya aka yi riƙonta.

Abin da ya same ta a wannan riƙon, daga ita sai Allah sai Kawu.

Tun da aka tsayar da maganar ba ta da barci, ba ta da ci. Ta gwada ce wa mijinta yarinyar ta yi ƙanƙanta, ya yi dariya ya ce ashe dai ana so ake kannewa. Ta gwada cewa makarantar garin nan ma ai ba laifi, ya ce makarantar da awaki ke kwana a aji? Gaskiyar kuwa ba ta faɗuwa.

Bayan azahar mata suka baje tabarma a inuwar darbejiyar tsakar gida, aka zube gyaɗar da aka kwaso daga gona ana ɓara. Sakinatu, ƙanwar Muhammadu Sani, wadda ta dawo hutu daga kwaleji, ta fito da wayarta ta jingine ta da turmi.

"Ku matso ku ga fim ɗin da aka tura min a waya ranar kasuwar Tsanyawa. Mai turin ya ce duk wadda ta kalla sai ta yi kuka."

"Mu kukan me za mu yi a kan ƙarya?" in ji Gwaggo, amma ita ta fi kowa matsowa.

Tahira ta rugo da gudu, sabon kitso a kanta, tafin hannunta jawur da lalle. Ta zo ta tsaya a gaban uwarta tana juya kai.

"Umma, kin gani? Anti Sakinatu ta ce a Ungogo har fanka akwai."

Maijidda ba ta ɗago ba. Idon surukarta na kanta, idon mahaifiyarta na kanta.

"Matsa kin tare min haske."

Abin da bakinta ya iya faɗa ke nan. Zuciyarta kuwa cewa take ta fizgo yarinyar nan ta goya ta, ta bi ta cikin gonakin dawa da ita, ko ina ne ma su je.

Fim ya fara. Wata mata ce babba, da aurenta da 'ya'yanta, amma da an murɗa makulli a ƙofa sai jikinta ya ɗauki rawa. Mijinta ya kai ta wajen masu magani, an yi rubutu, an yi hayaƙi, shiru. Can sai aka koma baya, aka nuno ta tana ƙarama da allonta a hannu, wani aminin babanta yana yafito ta daga ƙofar shagonsa.

Nan Gwaggo ta farga.

"Ke Tahira, tashi ki ba mu wuri. Je ki zaure ki yi wasa, wannan ba na yara ba ne."

Yarinyar ta fita tana turo baki.

A fim ɗin ba su nuna komai ba. Ƙofa kawai aka nuna ta rufe, sai allon yarinyar yashe a ƙasa a waje. Amma duk matan da ke kan tabarmar nan sun gane, hannuwa suka tsaya da ɓara.

"A'uzu billahi!" Gwaggo ta tofar da yawu gefe. "Masu fim ɗin nan ba su da ta ido. Wannan abin a ɗauka a nuna wa duniya?"

"To ai yana faruwa ne, Gwaggo," in ji Sakinatu. Har 'ya'yan da ta haifa Gwaggo suke ce mata.

"Yana faruwa a ina?"

"Ko'ina. Wallahi a makarantarmu akwai wadda..."

"Rufe min baki. Budurwa da ke kina irin wannan magana."

Nana Maryam, maƙwabciyarsu da ta shigo taya ɓara, tana goge ido da bakin zani.

"Ni uwar nake ganin laifinta. Yarinya ta dawo gida ba ta ci, ba ta wasa, tana fitsarin kwance da girmanta, ke uwa ba za ki ja ta ɗaki ki tambaya ba?"

"Uwa ta san gaibu ne?" Inna Aina'u ta amsa, tana watsa ɓawo a kwando. "Ni dai abin da na gani, abin birni ne. Kuma kun ga bare ne ya yi mata. Shi ya sa ba a sakar wa bare yaro. Ɗan'uwa na jini ai ba zai yi haka ba."

Gyaɗar da ke hannun Maijidda ta murƙushe, ƙwaya da ɓawo suka haɗe. Ta zuba su haka nan a ƙwaryar ƙwaya ba ta ma sani ba.

Fim ya ci gaba. Matar ta kai maƙura, ta je gaban tsohuwar uwarta ta durƙusa ta faɗa mata komai. Uwar ta ɗaga hannu ta toshe mata baki.

"Yauwa!" in ji Gwaggo. "Tsohuwar nan ta san abin da take yi."

"Haba Gwaggo!"

"Haba me? Abu ya wuce shekara da shekaru. Ta yi aure, ta haihu, Allah ya rufa mata asiri, sai yanzu za ta zo ta kwance wa kanta zani a kasuwa? In mijin ya ji fa? 'Ya'yanta mata wa zai aura?"

"To shi mutumin fa?" Sakinatu ta ɗaga murya. "Shi ke nan ya ci bulus? Yana nan a shagonsa, wasu yaran na wucewa kullum."

"Allah na nan ai."

"Allah na nan, amma yaran da ke wucewa fa?"

Nana Maryam ta ja majina ta ce, "Ni abin da ya fi ba ni tausayi, tana tsakiyar mutane amma ita kaɗai ce."

Inna Aina'u ta ce, "Ni kuma abin da ban gane ba, me ya hana ta faɗa tun a lokacin? Yaro in an cuce shi ai da kuka yake zuwa wajen uwarsa."

Jama'a, akwai maganar da in aka faɗe ta gara a ɗauki muciya a kwaɗa maka. Maijidda ta ji kunnenta ya toshe. Ƙanshin turaren Kawu, wanda ta yi shekaru tana gudu, ya taso mata daga inda ba ta sani ba ya cika mata hanci. Ta miƙe zumbur, ƙwaryar da ke cinyarta ta kife, gyaɗa ta watse, kaji suka yo ca.

"Ke lafiya?" in ji Gwaggo.

Ba ta amsa wa surukarta ba, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta kama hannun mahaifiyarta.

"Inna, taso."

"Ina za ni? Sake ni, mutane na kallo."

"Don girman Allah ki taso."

Ta ja ta har ɗakinta na can ƙuryar gida, ta tsallake ƙullin kayan da ke bakin ƙofa, ta tura ƙyaure ta rufe. Tana jin Gwaggo daga waje tana cewa cikin tausayi, "Ku ƙyale ta. Tafiyar yarinyar ce ta fara taɓa ta, kunya ta hana ta kuka a gabanmu."

Cikin ɗakin Inna Aina'u ta fizge hannunta.

"Ke wane irin rashin ta ido ne wannan? A gaban surukarki?"

Maijidda ta zube a ƙasa ta riƙe ƙafafunta.

"Inna, kada a ba shi ita."

"Kada a ba wa wa?"

"Kawu. Kada a ba shi yarinyar nan."

Inna ta yi salati tana tafa hannu.

"Yau na ga abin da ya ishe ni. 'Yar farin ce kike wa wannan rawar jiki? So kike a ce ban ba ki tarbiyya ba? Ni da na ba da ke, kin ga na yi ko tari?"

"Ba ki yi ba."

"To fa."

"Da ma kin yi, Inna."

Tsohuwar ta tsaya ta dube ta.

"Me kike nufi?"

Maijidda ta buɗe baki, iska kawai ta fito. Ta sake buɗewa. Shekara da shekaru tana shirya wannan magana a ranta, a bakin murhu, a bakin rijiya, a kan sallaya, yau ga ta ga Inna kuma kalma ɗaya ta gagara.

"Kin ce... kin ce me ya hana ta faɗa tun a lokacin."

"Wa? 'Yar fim?"

"Na faɗa, Inna."

"Kin faɗi me?"

"Da na zo hutun babbar sallah. Ranar da za a mayar da ni. Na riƙe zaninki a ƙofar gida ina ihu na ce ba zan koma ba. Kin tuna?"

Inna Aina'u ta kau da kai.

"Kin tuna, Inna?"

"Yaro ai ba ya son barin gida..."

"Kika ɓamɓare yatsuna ɗaya bayan ɗaya. Kika ce in tafi kada in ba ki kunya. Kika shige ɗaki. Iya faɗar da na iya ke nan. Ban san sunan abin ba a lokacin, Inna, ban san da wane baki ake faɗarsa ba."

"Wane abu?"

"Abin da aka yi wa yarinyar cikin wayar Sakinatu."

Daga tsakar gida ana jiyo kiɗan fim ɗin sama-sama da muryar Gwaggo tana korar kaji.

"Wa ya yi miki?" Muryar Inna ta dishe.

"Kin sani."

"Ban sani ba. Wani ne a unguwar? Yaran shagon Ɗan Iya ne?"

"Kawu ne."

Marin da ya sauka a kuncinta bai ba ta mamaki ba. Ta ma ji kamar ta san da zuwansa tun tana yarinya.

"Ƙarya kike! Ɗan Iya? Ni na goya shi! Mutumin da ya je Makka, mutumin da ya yi miki kayan ɗaki tun daga gado har cokali?"

"Shi."

"Fim ɗin banzan nan ne ya shiga kanki."

"Inna, ga Alƙur'ani can a rataye. Ɗauko in dafa."

"Ki yi min shiru!"

"Na yi shirun ai. Na yi shiru na yi aure, na yi shiru na haihu. In ya zo gidan nan na durƙusa na gaishe shi, na kai masa ruwa, na koma bayan ɗaki na yi amai. Da ni kaɗai ce wallahi da haka zan mutu, ba wanda zai ji. Amma yau ita zai ɗauka. Da kitsonta, da lallenta, tana murna za ta ga fanka."

Kuka ya ci ƙarfinta. Ta kifa goshinta a kan ƙafar uwarta.

"Ki cece ta, Inna. Ni ba ni da bakin magana a kanta. In na ce a'a za a ce ba ni da kunya, a yi dariya a miƙa ta. In na faɗi dalili aurena ya mutu, kuma ba mai yarda. Ke yayarsa ce. Ke kaɗai za ki ce a fasa a fasa. Ki ce kin yi mafarki, ki ce ke kike son riƙonta, ki ce komai. Ban ce ki yarda da ni ba. Ki hana kawai."

Inna Aina'u ta zauna a bakin gado. Ta daɗe tana kallon bango, leɓenta na motsi ba sauti.

Can ta ce, kamar mai magana da kanta, "Kin dawo a rame."

Maijidda ta ɗago.

"Shekarar nan kin dawo a rame, duk kin zama ido. Kin daina surutu, ke da ba a jin kunne saboda ke. Da dare kina jiƙa tabarma, na ce Fanta ce ta sangarta ki." Ta sunkuyar da kai. "Na so in ja ki ɗaki. Wallahi na so. Kakarki na zaune a tsakar gida, na ce in ta ga na keɓe da 'yar fari me za ta ce?"

Hawaye suka gangaro ta cikin tamojin fuskarta.

"Na zaɓi kada a ce ba ni da kunya."

"Inna..."

"Maijidda."

Tun da uwar nan ta haife ta, yau ce rana ta farko da ta ji sunanta a bakinta. Daɗi da baƙin ciki suka haɗe mata, ta rasa wanda za ta fara yi wa kuka. Suka rungume juna a bakin gadon, tsohuwa na cewa ki yafe min, 'yar na cewa ba yanzu ba Inna, ba lokaci. Amma an daɗe ana tara wannan kuka, bai tsaya da wuri ba, kuma ba wadda ta lura da yadda hasken da ke shigowa ta ƙasan ƙyaure ya karkata.

Inna ce ta fara miƙewa. Ta share fuska, ta gyara ɗaurin kallabi, ta ɗaure zaninta tamau.

"Tashi. Ba inda za ta. In ya zo ni zan fita zaure in same shi. Yau zai san ni na goya shi."

Maijidda ta ja ƙyaure ta buɗe.

Bakin ƙofar wayam. Ƙullin kayan ba ya nan.

Ta dubi dama, ta dubi hagu. A ƙarƙashin darbejiya an naɗe tabarma ɗaya, fim ya ƙare, Nana Maryam ta tafi. Gwaggo na sheƙe gyaɗa a faifai, Sakinatu na danna waya.

"Ina kayan da ke nan?"

Gwaggo ta ɗago da murmushi irin na wadda ta yi abin kirki.

"Kun fito? Sannu. Share hawayenki, kowace uwa da haka ta saba."

"Gwaggo, ina Tahira?"

Faifan ya tsaya a hannun tsohuwar. Sakinatu ta ɗago kai da sauri. Ba wanda ya taɓa jin sunan nan a bakin nan.

"Ikon Allah," in ji Gwaggo. "Yau kuma har da suna?"

"Ina take?"

"Ai sun tafi."

"Sun... wa? Ba a yi la'asar ba!"

"Ya zo da wuri ne. Motar a bakin titi ya bar ta, ya tako da ƙafa. Suka gaisa da mijinki a zaure. Yarinyar ta so ta shigo ta yi miki sallama, na ce a'a, uwarki ta shige ɗaki don kada a ga hawayenta, kada a tona mata asiri. Ni da kaina na lallaɓa na ɗauko ƙullin don kada ki ji motsi. Ai mun san kara, 'yar nan. Mu ma an yi mana."

Inna Aina'u ta dafa bango.

"Ɗan Iya ya zo gidan nan bai nemi ya gaishe ni ba?"

"Ya ce a ba ki haƙuri, sauri yake. Zai kira ki a waya."

Maijidda ta cafki kafaɗar Sakinatu.

"Da Fanta suka zo? Ce min da Fanta suka zo!"

"Anti, kin ji min ciwo..."

"Da wa ya zo?"

"Shi kaɗai ne. Ya ce Hajiya Fanta ƙafa ta matsa mata, tana asibiti tun jiya." Sakinatu ta dubi fuskar matar yayanta, ta dubi ta Inna Aina'u, ta dubi wayar da ke hannunta, sai murmushin da ke fuskarta ya gushe. "Yaya ya raka su har mota. Ya ce a kujerar gaba ma Kawu ya sa ta."

"Tun yaushe?"

"An ɗan jima. Wai shi ya sa ya zo da wuri, yana son ya biya ta gonarsa ta hanyar Bichi kafin rana ta faɗi."

Wani sauti ya fito daga ƙirjin Maijidda wanda bai yi kama da na mutum ba. Ba mayafi, ba takalmi, ta yi zaure da gudu, ta bangaje mijinta da ke shigowa yana fara'a.

Ta san gonar. Akwai bukka a tsakiyarta, dawa ta rufe ta ko'ina.

A can ya fara tsayawa da ita, ranar da ya ɗauko ta riƙo daga gida tana yarinya.